Bindigar Maharbi: Wa Ya Zaɓa Masa Bututunta?

Duk wanda ya taɓa ganin maharba sun fito daga daji, ko ya tsaya kallon 'yan bindigar Sarki ranar Hawan Daushe, ya san bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, wasu baushe, masu ba'a kuma su ce harbi-ruga. Doguwa ce, ta baki ake ɗura mata albarushi, harbi ɗaya take yi sai an sake ɗuri. Akan ɗauka cewa talauci ne ko rashin wayewa ya sa maharbin ƙasar Hausa ya riƙe ta har yau. Talauci yana ciki, amma tushen maganar yana cikin wata yarjejeniya da aka sa wa hannu a Turai fiye da shekara 130 da suka wuce.

Kafin mu kai can, ya kamata mai karatu ya san cewa bututun bindiga iri biyu ne. Akwai mai sumul, wanda cikinsa yake kamar na famfo. Akwai kuma mai tsagi, wanda aka yi wa murɗaɗɗun layuka daga gindi har baki. Wannan tsagin ne ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar mazarin mai kaɗi, juyin kuwa shi ke hana shi kaucewa, ya yi nisa ya sami inda aka auna. Mai sumul ba ta da wannan, harsashinta da ya ɗan yi tafiya sai ya fara lilo. Amma ita ma tana da ranarta, domin tana cin ƙananan ƙwayoyin dalma masu bazuwa, waɗanda suka dace da zabo da fakara da zomo.

Bindiga ta daɗe a Kano. Kundin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci bindigogi tun zamanin Sarki Dauda (1421-1438), lokacin da Dagaci ya zo daga Barno. Ya kuma nuna cewa a zamanin Kumbari (1731-1743) an shigo da bindigogi daga Nufe, sannan Babba Zaki (1768-1776) shi ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron Sarki. Waɗanda suka biyo ta Nufe daga bakin teku suke. Turawa suna kiransu bindigogin Denmak, saboda 'yan kasuwar wannan ƙasa da suka yi zama a gaɓar Ankara, ko da yake yawancinsu a Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su. A Damagaram ma Sarki Tanimu (1851-1884) ya tara bindigogi, har ya sa maƙeransa suna yi masa igwa da albarushi. Sai dai duk wannan kayan fada ne da fagen fama. Maharbi na ƙauye da kwari da baka yake shiga daji, kibiyarsa da dafi. Shi ya sa har gobe shugaban maharba Sarkin Baka ake ce masa, ko da bindiga ce rataye a kafaɗarsa.

A ranar 2 ga Yuli, 1890, ƙasashen Turai da Amurka da Daular Usmaniyya ta Turkiyya da wasu suka sa hannu a yarjejeniyar Burasel, da sunan yaƙi da cinikin bayi. A cikinta aka hana sayar wa mutanen Afirka, daga tsakiyar Sahara har zuwa kusa da Afirka ta Kudu, duk wata bindiga mai tsagi ko mai cin harsashi ta gindi. Abin da aka bari kawai shi ne mai sumul da ke tashi da ƙanƙara, da albarushi na gama-gari. Kano ba ta shiga hannun Bature ba tukuna, amma ƙofofin teku suna hannunsa. Sakamakon ya bayyana a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da Kanar Molan ya iso ganuwar Kano da igwa da bindiga mai ruwa. Hanyar Sahara da ake samun 'yan na zamani ta ita kuwa, ta ƙarasa mutuwa bayan Italiya ta kama Tarabulus a 1911.

A wannan shekara ta 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a wajejen 1913 kuma aka yanka Sabon Gari a gefen Fagge, tsohon zangon fatake. Cikin mazaunanta na farko akwai tsofaffin sojoji da leburorin reluwe. Wato mutanen da suka san bindiga mai tsagi ciki da bai, amma da zarar sun tuɓe kaki ba su da ikon mallakarta. Haka ya sake faruwa ga waɗanda suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945. Abin da jirgi ya kawo wa maharbi shi ne ƙarfe. Maƙera suka koyi yanka bututun ruwa, daga baya har da sandar sitiyarin mota, su toshe gindin, su huda ƙofar wuta, su ɗora a kan kota ta itace. Maƙeran Oka ta ƙasar Ibo sun yi suna a wannan aiki, namu na Arewa ma ba a bar su a baya ba. Sannu a hankali ƙanƙara ta ba da wuri ga 'yar hular wuta, inda babu ita a kankare kan ashana. Da haka bindiga ta sauko daga fada ta shiga ƙauye. Hatsarinta kuwa sananne ne: bututun da ba don wuta aka yi shi ba, in aka cika masa albarushi yakan fashe, ya tafi da yatsu ko ido.

Dokar Makamai ta 1959, wadda Nijeriya ta gada daga Turawa, ta tabbatar da wannan rabo. Ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi sai da iznin Shugaban Ƙasa. Na farauta na zamani, irin mai baki biyu, sai da lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗuri ta baki kuwa Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da takardarsu. Kowa ya san matakin da hannun talaka zai iya kaiwa.

Ba a nan kaɗai doka ta zaɓa wa maharbi bututu ba. A wasu jihohin Amurka masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da yawan gidaje, irin su Ohayo da Ayowa da Ilinoi, an shafe shekaru da dama ana hana harbin barewarsu da bindiga mai dogon zango, don kada harsashi ya wuce ya sami mutum. Sai maharba suka koma ga bindigar tsuntsaye, suna sa mata dunƙulallen harsashi guda, irin wanda Wilhelm Brenneke ya ƙirƙiro a Jamus a 1898, ko na Karl Foster na 1931. A shekarun 1980 kamfanoni suka fara yi wa wannan bindiga bututu mai tsagi, zangonta ya kusa ninkawa, har ya zama ana ɗora mata madubin saiti mai jawo nesa kusa. Madubin ma ba mai ƙarfin jawowa ake so ba, kuma akan nisanta shi da ido, saboda bindigar tana da naushi. Daga baya jihohin suka sassauta dokar: Ohayo a 2014, Ayowa a 2017, Ilinoi a 2023.

Maharbin Amurka masana'anta ce ta cike masa giɓin da doka ta bari. Namu da jikinsa ya cike. Tunda bindigarsa ba ta kai nesa, kuma harbi ɗaya gare shi, dole shi ya matsa kusa. Ya san sawun gada da na mazo da na gwanki, ya san yadda zai bi iska don kada dabba ta shaƙi warinsa, ya san mashaya da lokacin zuwanta. Ya ɗaura kan burtu a goshi, ya rufa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana kwaikwayon kiwon tsuntsun har ya shiga tsakiyar garke. Madubin saiti ba shi da amfani a kan bututun da ba ya riƙe saiti.

Yau dajin ya ja baya. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da gandaye irin su Yankari da Falgore sun taƙaita inda za a yi harbi, noma da sare itace suka cinye saura. Bindigar kuwa ta sami wani sabon aiki, da wata sabuwar fassara. A Nuwamba 2014 maharba da adakarsu suna cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. A Maris 2025 kuma, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tare motar wasu mafarauta 'yan Kano da ke dawowa gida yin Sallah, aka ga irin wannan bindiga a kayansu, aka kira su masu satar mutane, aka kashe 16. Allah ya jiƙansu. Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka akwai aiki a gaban 'yan'uwa marubuta. Tsofaffin maharba da maƙeran da suka san sunan kowane sashe na wannan bindiga, da kirarinta, da ka'idojin shiga daji, suna ta ƙarewa, kaɗan ne kuma daga abin da suka sani ya shiga takarda. Wanda yake da Sarkin Baka a garinsu ya ɗauki littafi da alƙalami ya je ya gaishe shi tun yana da sauran numfashi. Allah ya ba mu iko.