Daga Majalisar Ruwan Bago Zuwa Taron ASUU Na Kano

Wannan makon ku yi mini afuwa, na ɗan ajiye labarin soyayya zan taɓo muku tarihi.

A daminar 2022 na je gida Ruwan Bago, a ƙasar Rogo, na tarar da yaranmu 'yan jami'a duk sun dawo, wasu na bin iyayensu gona, wasu na zaman kashe wando. Yajin aikin malaman jami'a ne, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Da dare a majalisa wani dattijo ya ce ai mutum ɗaya ne can a Abuja, in ya tashi da ɓacin rai sai ya ce a rufe makarantu. Ni da karatuna ya tsaya a sakandare ba ni da bakin musu, amma da na koma Kano sai na shiga bin diddigi.

Ashe ba haka abin yake ba. Ƙungiyar ASUU, wadda aka kafa a 1978, tana da reshe a jami'o'in gwamnati, kuma kowane reshe 'ya'yansa ne ke zaɓen shugabanninsu. In magana ta taso, sai a kira taron reshe, farfesa da ƙaramin malami kowa ƙuri'arsa ɗaya. Abin da aka tsayar shi shugaban reshe zai ɗauka ya kai majalisar zartarwa ta ƙasa, wadda ke zagaya jami'o'i, yau nan gobe can. Mu marubuta da muke shan fama kafin mu tara mutum ashirin a taron wata-wata, ai dole abin ya burge ni.

Kujerar kuwa ba ta jin daɗi ba ce. Festus Iyayi na Jami'ar Benin ya zama shugaba a 1986, shekara na zagayowa aka kore shi daga aiki. Marubucin ƙagaggun labarai ne irinmu, sai dai shi da Turanci, littafinsa Heroes ya ci kyautar ƙasashe renon Ingila a 1988. A wannan shekarar Attahiru Jega na Jami'ar Bayero ya karɓi ragama, gwamnatin Babangida ta haramta ƙungiyar, aka tsare shugabanninta. An ɗage takunkumin a 1990, aka sake ƙaƙaba shi a 1992, amma duk da haka sai da gwamnati ta zauna da su aka sa hannu a yarjejeniya a watan Satumba. Daga nan aka samo asusun harajin ilimi na 1993, wanda ya koma TETFund a 2011. Gine-ginen da kuke gani ɗauke da sunan nan a manyan makarantu, daga waɗannan tarurrukan suka faro. Jega ya riƙe ƙungiyar har 1994, kuma a ganina can ya koyi haƙurin da muka gani gare shi lokacin da ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2013. Lokacin Nasir Fagge, shi ma na Bayero, ke shugabanci, an fi wata huɗu ana yajin aiki. Shugaba Jonathan ya yi tayi, rassa suka zauna kowa ya faɗi ra'ayinsa, aka sa taron yanke hukunci a Kano. Iyayi ya bar kujera shekara ashirin da biyar, ya wuce sittin, da ya yi zamansa a Benin ba mai ganin laifinsa. Amma ya shiga motar ƙungiya ya kamo hanya. Ranar 12 ga Nuwamba, kusa da Lakwaja, wata mota daga ayarin gwamnan Kogi ta yi karo da tasu, ya rasu. Aka ɗage taron, yajin bai ƙare ba sai tsakiyar Disamba.

Kafin kaka na sake komawa Ruwan Bago, na kwashe duk wannan na faɗa wa dattijon nan. Ya yi shiru jim, ya ce, "To ɗana, na ji. Amma jikana yaushe zai koma makaranta?"