Gusau Ɗaya Ce, Ko Ta Fito Sau Uku

Tarihinmu na wannan mako ya shafi wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu rubuta manhaja tuwo a ƙwarya.

A 1970 Edgar Codd, Baturen Ingila mai aiki da kamfanin IBM a Amurka, ya kawo shawarar a riƙa adana bayanai cikin jadawali daban-daban, kowane bayani a rubuta shi sau ɗaya, in buƙata ta taso a haɗo su. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da harshen da ya zama SQL, wanda da shi ake yi wa rumbun bayanai tambaya.

Mu kawo abin gida. Jadawali ɗaya na ɗauke da ƙananan hukumomi 14 na Zamfara, ɗayan kuma na mazaɓu. Idan aka haɗa su, amsa za ta fito layi-layi: Gusau da Mada, Gusau da Magami, Gusau da Wonaka, Tsafe da Bilbis, Bungudu da Kwatarkwashi. Gusau ta fito sau uku, alhali manhaja so take ta riƙe Gusau ɗaya, mazaɓunta na rataye da ita. Da jerin manoman da za a raba wa taki ne, mai gona uku sai ya zama mutum uku, wani kuma ya koma gida hannu rabbana.

Shekara da shekaru da hannu ake wannan tankaɗe da rairaya, har aka samu manhajojin da ke tafinta tsakanin layuka da abubuwa, waɗanda ake kira ORM. TopLink ta fito a shekarun 1990, Gavin King ya fara Hibernate a 2001, Django ta biyo baya a 2005. Dabararsu ita ce lambar shaida. Layi na isowa sai a duba lambarsa: in an taɓa ganin ta, a ƙara mazaɓar ga Gusau ɗin da ke hannu, in baƙuwa ce, a buɗe sabon gurbi.

Me ya sa ba a dogara da suna ba? Akwai Tudun Wada a Gusau, akwai a Zariya, akwai a Kano. Mai rubuta tarihi ma haka yake fama: kafin ka ce Muhammadun wannan takarda shi ne na waccan, nemi mahaifinsa, garinsa da shekarar.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.