Ɓacewar Wuri da Liyari daga Kasuwannin Kudancin Kano

Kalmar “kuɗi” asalinta jam'in “wuri” ce, amma wurin kansa baƙo ne a ƙasar Hausa. Daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya ake samo shi, kuma Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703–1731) ya fara shigowa. Abokin tafiyarsa, watau liyari, azurfa ce ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tariza, wadda aka yi ta bugawa da shekara guda, 1780, tun bayan rasuwar sarauniyar. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda waɗannan baƙi biyu suka fita daga hannun jama'a, musamman a yankin Kura da Bunkure da Garun Malam.

Yankin nan, wanda a yau aka fi sani da noman rani da ruwan Tiga, a ƙarni na 19 da rini da bugu ya shahara. Turkuɗin Kura har Azbin ake kai shi, saboda haka marina da fatake a kullum suna cikin lissafi. Lissafin kuwa ba ƙaramar wahala ba ce: a ƙirga hauya (20), a tara zuwa zambar (1,000), sa'an nan a ɗinke keso (20,000), wanda kaya ne sosai a kan ɗan dako. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin azurfa guda a kan wuri 2,500. Tun a lokacin 'yan kasuwar Jamus sun fara jibge wani wuri mai araha daga Zanzibar a bakin teku, kafin ƙarshen ƙarnin kuwa canjin ya kai wajen 5,000. Ashe tun Turawa ba su ci Kano a 1903 ba wuri ya riga ya kwanta ciwo.

Akan ɗauka cewa doka ce ta kashe shi, domin a 1904 an hana shigo da wuri Nijeriya. Haƙiƙa dokar ta toshe mashiga, amma ba ta taɓa wanda ke cikin tukwane da rumbuna ba. Matar da ke sayar da daddawa ko ƙuli ba ta da abin da za ta yi da sule, tun da cinikinta na wuri biyar ne ko goma. Don haka ne aka buga anini a 1907, watau kashi ɗaya cikin goma na kwabo, mai huda a tsakiya da rubutun Larabci.

Abin da ya yi aikin da gaske shi ne haraji. Da aka kafa Baitulmali, wanda aka fara a Katsina, hukuma ta matsa a biya da kuɗin Turawa. Manomin da ya tara keso sai ya nemi mai canji, mai canjin kuwa ya san ranar da dagaci zai zo, saboda haka shi ke yanka farashi. A nan ne talakawa suka yi asarar tarin shekaru, kuma wannan fanni ne da rahotannin Turawa ba su cika tsayawa a kansa ba. Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kamfanoni suna biya da azurfa tsaba. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta fitar da nata sulalla a 1913.

Yana da kyau a kwatanta da Amurka. Ko da yake ta kafa gidan buga kuɗinta a 1792, dalar Sifen ta ci gaba da yawo a can bisa doka har 21 ga Fabrairu 1857. Majalisarsu ba ta soke ta ba sai da kuɗin gida ya wadata, kuma ta ba jama'a damar kai ƙananan azurfar Sifen gidan bugu su karɓi sababbin kwabbai. A Kano hanin ne ya riga wadatar.

Liyari dai maƙeran farfaru ne suka gaje shi, suka narke shi ya koma mundaye da zobba da kayan doki. Wuri ya koma kan adon ƙwarya da kayan 'yan bori. Harshe kuwa ya riƙe sawunsu: rabin kwabo an kira shi “ɗari” saboda wurin da ake canzawa da shi, “dala” ta zama sule biyu a Nijeriya, a Nijar kuma faranka biyar. Ko bayan zuwan naira a 1973, idan aka ambaci tsabar miliyoyi, akan ƙara da cewa “wuri na gugar wuri”, alhali yawancin masu faɗar haka ba su taɓa sayen ko gishiri da wuri ba.