Yadda Noman Rani Ya Sauya Yaƙin Manomi da Tsutsar Auduga a Kwarin Haɗejiya

Tun kafin zuwan Turawa auduga amfanin gida ce a ƙasar Haɗejiya. A shuka ta tsakanin gero da dawa, mata su gurje ta su kaɗa zare da abawa, masaƙa su karɓa. Manomin wancan zamani bai san feshi ba, amma yana da mataimakin da ba ya biya, wato rani. Da kaka ta wuce gonakin tudu sun bushe, tsutsa ta rasa abinci na watanni, ƴan lambunan jigo na bakin kogi kuwa ba su isa su riƙe ta da yawa ba. Turawan da suka kafa ƙungiyar noman auduga a Manchesta a 1902, suka kawo irin Allen na Amurka a 1912, suka buɗe tashar bincike a Samaru a 1922, su ma da ranin suka dogara. Shi ya sa aka yi dokar tumɓuke itacen auduga a ƙone bayan tsinka, don kada tsutsa ta samu mafakar da za ta kai ta wata damina.

A ganina, abin da ya rushe wannan tsari shi ne ruwa. Madatsar Tiga ta 1974, da ta Challawa ta 1992, da aikin ban ruwa na Auyo, da injinan da suka maye gurbin jigo, sun sa fadama ta zama kore shar duk shekara. Alheri ne babba, ba mai musu. Sai dai tsutsar da ke huda ƙwallon auduga ita ce dai ke cin tumatir da kuɓewa da wake da masara, don haka yanzu tana sauka daga tudu zuwa lambu, ta kuma tarar da magani iri ɗaya a wuraren biyu. Kowane feshi yana kashe masu rauni ya bar ƴan tsirarun da suka gaji juriya, su ne ke hayayyafa. In mai lambu ya ga magani ya daina ci sai ya ƙara murfi ɗaya a tanki, bai san tankaɗe yake yi wa abokiyar gabarsa ba. Haka ta faru a ƙarshen shekarun 1990 a Benin da Burkina Faso da Mali, inda magungunan jinsin firetroyid suka gaza, har ƙasashen suka haɗu suka tsara sauya magani bisa lokaci. A 2012 masana suka gano, a tsutsar Ostareliya, ƙwayar gadon da ke sa cikinta ya narkar da irin wannan guba.

Wani zai ce Haɗejiya yau ƙasar shinkafa ce da riɗi da alkama, me ya haɗa ta da matsalar audugar Funtuwa da Gusau? Amsar ita ce malam-buɗe-littafin da ke haifar tsutsar yana tafiya mai nisa da dare, juriyar da aka raina a lambun tumatir tana iya sauka a gonar auduga ta wata jiha. Wanda ya ga ɓarnar tsutsar sharon a tumatir a 2016 ya san yadda kwalbar magani kan zama ruwan banza. Wani kuma zai ce ai an amince da audugar Bt a Najeriya tun 2018, wadda ke kashe tsutsa da kanta. Gaskiya ne, amma a Indiya jar tsutsar auduga ta saba da irin wannan auduga cikin ƴan shekaru, domin dokar gadon ba ta canza ba.

Saboda haka ina kira ga masu bincike na Samaru da malaman gona na Jigawa su riƙa ɗibar tsutsa daga lambunan Auyo da Haɗejiya kowane rani su auna juriyarta, su gaya wa manoma da Hausa maganin da za a hutar da wanda za a koma wa.