Wasan Barkwanci a Kwaleji: Misali Daga Ingila ta Ƙarni na 16

A wannan maƙala za mu duba wani wasan barkwanci da aka yi a Kwalejin Christ ta Jami'ar Kambirij, a ƙasar Ingila, wajen tsakiyar ƙarni na 16, aka buga shi a 1575. Sunansa Gammer Gurton's Needle, wato allurar tsohuwa Gurton, kuma yana cikin wasannin barkwanci na farko da aka rubuta da Ingilishi.

Jigon wasan rikicin gida ne. Tsohuwa tana ɗinke wandon baranta Hodge, sai ta tashi korar kyanwa daga madara, allurarta ɗaya tilo ta ɓace. Wani magulmaci, Diccon, ya ce mata maƙwabciyarta ce ta tsinta, ya zagaya ya gaya wa maƙwabciyar ana zarginta da satar zakara. Aka kaure da dambe, har limamin coci ya sha duka, magana ta kai gaban mahukunci. Daga ƙarshe aka sami allurar maƙale a wandon Hodge.

Abin lura shi ne, ɗaliban wancan zamani sun fi sabawa da wasannin Latin na Plautus da Terence. Marubucin ya ari tsarinsu na kashi biyar, amma ya zuba mutanen ƙauye da karin harshensu. Saboda haka, a ganinmu, bai kamata a ɗauki wasan ɗalibai shagala kurum ba, domin a irin wannan dandali ne harshen gida ya sami gurbi kusa da harshen ilmi.