Ranar da kwamfuta ta rikita motocin asibiti a Landan

Duk wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa ko hatsari a babban titi ya san yadda minti biyar ke zama kamar wuni guda idan ana jiran agaji. Mukan kira 112, mu zuba ido. Ba kasafai muke tuna ma'aikacin da ya ɗauki kiran ba, wanda ke zaune gaban kwamfuta, kira na shigowa kan kira. Akwai fannin ilimi da ke nazarin yadda mutum ke mu'amala da na'ura, kuma masifu ne suka koya masa yawancin darussansa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jirgin yaƙin Amurka samfurin B-17 sun riƙa janye tayoyin jirgi bayan sun sauka lafiya, sai jirgin ya kwanta a kan cikinsa. Aka yi ta rubuta cewa sakacin matuƙi ne. A 1943 wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba da idonsa. Ya tarar maɓallin tayoyi da na ƙananan fikafikan rage gudu suna dab da juna, kuma kamarsu ɗaya. Sai aka liƙa wa na tayoyi 'yar taya ta roba, aka ba ɗayan wata siffa dabam, yadda hannu zai gane su ko ba a duba ba. Kuskuren ya kau.

Ranar 28 ga Maris, 1979, irin wannan ya sake faruwa a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania. Wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya tukunyar na zuba. Fitilar da ke gaban ma'aikata tana nuna an aika wa bawul ɗin umarnin rufewa ne kawai, su kuwa suka ɗauka ya rufu. Ƙararrawa sama da 100 suka tashi a mintunan farko, babu mai nuna wadda ta fi muhimmanci. Sai bayan fiye da awa biyu aka toshe hanyar ruwan.

Labarin da ya fi kusa da batunmu shi ne na hukumar motocin asibiti ta Landan. A da, mai amsa waya yakan rubuta bayanin mara lafiya a takarda, ya ɗora ta kan bel mai tafiya, ta isa ga mai rabon motoci wanda ya san unguwanni da direbobi. Hukumar ta so ta rage jinkiri, sai ta kawo manhajar da za ta zaɓi motar da ta fi kusa da kanta.

Ranar 26 ga Oktoba, 1992, aka ɗora dukkan aikin birnin a kanta. Manhajar ta dogara ne da ma'aikatan cikin mota su riƙa danna maɓalli a kowane mataki, rediyo kuma ya isar da saƙon ba tangarɗa. A bakin aiki hakan bai samu ba. Kwamfuta ta daina sanin inda motoci suke, ta riƙa tura biyu ko uku wuri ɗaya, wani wurin kuma ba ko ɗaya. Saƙonnin gargaɗi suka cika allo har na farko suka shige ba a gani ba. Masu jira suka yi ta sake kira, layuka suka cushe, wasu suka jira awanni. Cikin kwana biyu shugaban hukumar, John Wilby, ya ajiye aiki. Ranar 4 ga Nuwamba manhajar ta tsaya cak, aka koma takarda da biro.

Rahoton binciken da ya fito a Fabrairun 1993 ya nuna an yi gaggawa, ba a gwada manhajar da cikakken nauyin aiki ba, horo bai wadatar ba, kuma ba a tuntuɓi masu aikin yadda ya kamata ba. Da aka sake gini, an tafi mataki-mataki, ana nuna wa masu amsa waya samfuri suna gyarawa. Sabon tsarin ya fara aiki a 1996, ya kuma zauna.

A wannan zamanin ne masu bincike suka kyautata hanyoyinsu. Christian Heath da Paul Luff sun ɗauki bidiyon ɗakin kula da jiragen ƙarƙashin ƙasa na layin Bakerloo a Landan, suka gano ma'aikaci kan ɗaga murya da gangan yana waya don abokin aikinsa ya ji ya shirya, abin da ba a rubuta a kowane littafin aiki ba. A Amurka, Gary Klein ya zauna da shugabannin 'yan kwana-kwana suna ba shi labarin gobarar da suka kashe daki-daki. Ya gano ba sa jera zaɓi suna aunawa, gane yanayin suke yi daga gogewa su ɗauki mataki nan take. Wata hanyar ita ce a shirya atisaye, a sa mutum ya yi aiki da na'urar yana faɗin abin da ke ransa, mai bincike na rubuta duk inda ya yi tuntuɓe.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan gobe aka kawo wa ƙungiyarmu ko kasuwarmu wata manhajar kai rahoton gobara, kada mu tsaya ga yadda aka nuna ta a ofis. Mu miƙa wayar ga maigadin dare, a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, mu ga minti nawa zai ɗauka kafin saƙonsa ya isa, da kuma wanda zai karanta shi idan ya isa.

Allah Ya kare mu daga masifa, amin.