Wa ke riƙe da ƙofar hayaƙi?

A 1905 injiniya Alfred Büchi, ɗan Suwizalan, ya yi rajistar dabarar turbo. Hayaƙin inji ne ke juya farfela, ita kuma ta cusa iska cikin silinda, a ƙona fetur da yawa, ƙarfi ya ƙaru. Sai dai turbo ba shi da burki. Ƙarin hayaƙi na kawo ƙarin iska, ƙarin iska na haifar da ƙarin hayaƙi, har fistin ya narke.

Maganin da aka samo shi ne wata 'yar ƙofa mai sifirin a bututun hayaƙi. Da matsin iska ya kai iyaka, sai ta buɗe, wani kaso na hayaƙin ya kewaye farfela ya wuce. Tun daga nan ake ja-in-ja kan wanda zai ce mata ta buɗe.

A 1973 Porsche ta miƙa wa direba wannan iko. Motar tsere 917/30, mai ƙarfin doki sama da 1,000, tana da maɓallin da Mark Donohue ke murɗawa ya ƙara matsi ko ya rage, kuma shi ya lashe gasar Can-Am ta shekarar. Masu gyaran motocin titi suka kwaikwaya da arha: ɗan bawul a kan siririn tiyo, yana zurarar da iska don ƙofar ta makara. Wayo ne mai tsada, domin injuna da dama sun yi nokin ta haka.

Saab ta Suwidin ce ta kawo hankali cikin lamarin. A farkon shekarun 1980 ta saka wa motarta 900 Turbo tsarin APC, mai na'urar da ke sauraron inji. Da ta ji ƙwanƙwasar fetur mara kyau, sai ta sassauta matsi da kanta. Yau kwamfutar mota ke wannan aiki, makanikai kuma lissafinta suke sauyawa.

Tseren Formula 1 kuwa, da Renault ta shigo wa da turbo a 1977, sai da hukumar FIA ta sa baki. Ta ƙayyade matsi a bar 4 a 1987, bar 2.5 a 1988, sannan ta haramta turbo daga 1989. Da ya dawo a 2014, fetur aka ɗaure wa ƙafa: kilo 100 a awa.